Tsofaffin wasannin kwamfuta da sauyin tsarin gudanarwa, 1981-2025

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa sauya tsarin gudanarwa na kwamfutarsa ya san abin da kan biyo baya. Wasu manhajoji sukan ci gaba da aiki kamar ba a taɓa komi ba, wasu kuwa su ƙi tashi ƙememe. Wasanni na cikin waɗanda suka fi saurin ƙin tashi. Wasan da aka saya da kuɗi, faifansa na nan lafiya lau, amma sabuwar na'ura ta ce ba ta san shi ba. Ko ya tashi babu sauti. Ko launukansa su cakuɗe. Ko kuma ya riƙa gudu da saurin da hannun ɗan Adam ba ya iya bi.

Masu gyara suna ɗaukar wannan a matsayin matsalar sana'a wadda ake magancewa ɗaya bayan ɗaya. A cikin wannan maƙala muna so mu dube ta ta fuskar tarihi. Tambayoyinmu uku ne. Me ya sa wasanni suka fi sauran manhajoji rauni a duk lokacin da tsari ya sauya? Su wa suka ɗauki nauyin raya tsofaffin wasanni a kowane zamani, kuma don me? Wane darasi masanin tarihi zai ɗauka daga nan dangane da sauran takardun da ke ajiye cikin na'ura? Za mu tsaya galibi bisa kwamfutocin da suka samo asali daga IBM PC da tsare-tsaren kamfanin Microsoft, sabili da nan ne labarin ya fi tsawo kuma ya fi shafar jama'a.

1. Kalmomin aiki

Kafin mu shiga, ya kamata mu daidaita wasu kalmomi. Da tsarin gudanarwa muna nufin abin da ake kira système d'exploitation da Faransanci, wato babbar manhajar da ke tsaye tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajoji, kamar DOS, Windows, Linux ko macOS. Kwanya ita ce guntun da ke yin lissafi. Rumbu shi ne wurin da na'ura ke riƙe abin da take aiki da shi a lokacin. Rubutun asali shi ne abin da mai tsara manhaja ya rubuta da hannunsa kafin a juya shi zuwa lambobin da na'ura ke ganewa. Makwaikwayi kuwa manhaja ce da ke sa wata na'ura ta yi halin wata.

Wannan dabara ta kwaikwayo ta girmi kwamfutar gida. A ranar 7 ga Afrilu 1964 kamfanin IBM ya sanar da jerin manyan na'urorinsa System/360. Abokan cinikinsa sun riga sun kashe dukiya mai yawa wajen rubuta manhajoji don tsofaffin na'urori irin su IBM 1401, kuma ba su da niyyar zubar da su. Injiniyoyin kamfanin suka sa sabuwar na'ura ta iya kwaikwayon tsohuwa. Tun daga nan ƙa'idar ta fito fili: mai saye ba ya barin tsohuwar na'ura sai an tabbatar masa zai tafi da kayansa.

2. Zamanin DOS (1981-1995)

IBM PC ta fito ranar 12 ga Agusta 1981, da kwanyar Intel 8088 mai bugu miliyon 4,77 a daƙiƙa, da kuma tsarin DOS wanda Microsoft ya sayo daga wani ƙaramin kamfani na birnin Seattle ya gyara. DOS tsari ne mai sauƙi ƙwarai. Yana buɗe fayil, yana rufe fayil, yana rubuta haruffa a kan allo, kusan iyakarsa ke nan. Ba ya hana wata manhaja taɓa ƙarfen na'ura kai tsaye. Mai rubuta manhajar lissafin kuɗi yana iya bin hanyar da DOS ya shimfiɗa, don ba ya sauri. Mai rubuta wasa kuwa yana bukatar hoto ya motsa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, saboda haka sai ya tsallake DOS ya yi magana da katin hoto, katin sauti da agogon na'ura da kansa.

Nan ne tushen raunin da muka ambata. Wasan DOS an ɗinka shi ne daidai jikin wata na'ura takamaimai, kuma hakan ya bayyana ta fuska uku.

Ta farko, gudu. Wasanni da dama na farkon shekarun 1980 ba su duba agogo. Suna auna lokaci da yawan lissafin da kwanya ta yi, bisa zaton cewa kowace na'ura tana bugu 4,77. Da kwanyoyin 80286 da 80386 suka zo, sai waɗannan wasanni suka riƙa gudu fiye da kima. Masu ƙera na'ura suka sa wani maɓalli a gaban akwati mai suna Turbo, wanda amfaninsa na ainihi shi ne bai wa mutum damar rage gudun na'ura. Irin wannan matsala ta sake dawowa a ƙarshen shekarun 1990: manhajojin da aka rubuta da Turbo Pascal na kamfanin Borland sukan tsaya da kuskure mai lamba 200 idan kwanya ta wuce bugu miliyon 200 ko kusa da haka, sabili da wani lissafin auna lokaci da ke cikowa ya zube.

Ta biyu, rumbu. Kwanyar 8088 tana iya kaiwa ga megabait ɗaya kawai, IBM kuma ya ware wa manhajoji kilobait 640 daga ciki. Wannan iyaka ta zauna ko bayan da na'urori suka samu rumbu mai yawa. Ɗan wasa na farkon shekarun 1990 dole ya iya gyara fayiloli biyu, CONFIG.SYS da AUTOEXEC.BAT, don ya tsimi ƴan kilobait. Wasu ma sukan ajiye disket ta musamman don tada kowane wasa.

Ta uku, katuna. An samu katin hoto CGA a 1981, EGA a 1984, VGA a 1987. Wajen sauti, katin AdLib na Kanada ya fito a 1987, sannan Sound Blaster na kamfanin Creative na Singafo ya fito a 1989 ya mamaye kasuwa. Kowane wasa yana zuwa da jerin katunan da ya sani. Wanda katinsa ba ya cikin jeri, sai ya yi wasa da ƙarar ƙaramar lasifikar cikin akwati.

Duk da wannan wahala, a wannan zamani ne aka samu ayyukan da ake ƙidaya su a yau cikin tarihin al'adu: SimCity na Will Wright a 1989, Prince of Persia na Jordan Mechner wanda ya fito a Apple II a 1989 ya iso DOS a 1990, Civilization na Sid Meier a 1991, Alone in the Dark na kamfanin Infogrames na Faransa a 1992, da Doom na id Software a Disamba 1993.

3. Windows 95 da ɗaukar nauyin baya

Lokacin da Microsoft ke shirin fitar da Windows 95, wanda ya shiga kasuwa ranar 24 ga Agusta 1995, ya samu kansa cikin halin da IBM ya shiga a 1964. Idan mutum ya sa sabon tsari, wasansa ya mutu, ba mai wasan zai zarga ba, sabon tsarin zai zarga, tunda jiya wasan yana aiki. Don haka kamfanin ya ɗauki kurakuran wasu ya ɗora wa kansa.

Misalin da ya fi shahara shi ne na SimCity, kamar yadda Joel Spolsky, tsohon ma'aikacin Microsoft, ya ba da labari. Wasan yana da aibi: yakan mayar wa tsari wani yanki na rumbu, sannan ya koma ya karanta abin da ke ciki. A tsohon tsari wannan ba ya jawo komi, don babu mai taɓa wurin. A sabon tsari kuwa wasan sai ya faɗi. Maimakon a jira masu wasan su gyara, injiniyoyin Windows 95 suka sa tsarin ya riƙa gane SimCity, ya kuma sauya yadda yake rabon rumbu muddin wasan na tafiya. Raymond Chen, wanda ya yi aiki a kan Windows 95, ya ba da labarin cewa wani shugaban aikin ya je kantin manhajoji da mota ya sayo kwafi ɗaya na kowace manhajar PC da ke kantin, aka raba wa ma'aikata su gwada. Har wa yau an bar wa mutane ƙofar komawa: ana iya sake tada na'ura cikin DOS zalla don wasan da ya ƙi zama da Windows.

A gefe guda kamfanin ya so ya raba masu rubuta wasa da ɗabi'ar taɓa ƙarfe. A 1995 ya fitar da DirectX, wanda Alex St. John, Craig Eisler da Eric Engstrom suka jagoranta: wasa ya yi magana da DirectX, shi kuma ya yi magana da kati. Bill Gates da kansa ya fito cikin wani fim na talla a waccan shekara yana tsaye cikin filin Doom, abin da ke nuna matsayin da wasanni suka samu a lissafin kamfanin. Sai dai ba kowa ya bi wannan hanya nan take ba. Kamfanin 3dfx, mai katin Voodoo na 1996, yana da tasa hanyar mai suna Glide, kuma wasanni da yawa an rubuta su dominta. A Disamba 2000 Nvidia ya saye kadarorin 3dfx, Glide kuma ya zama harshen da babu sabon katin da ke jin sa.

Abin lura a nan shi ne dalilin wannan ɗawainiya ta Microsoft. Kasuwa ce ta tilasta ta. Wasannin da aka kula da su su ne waɗanda mutane ke amfani da su a lokacin, kuma kulawar tana raguwa gwargwadon yadda masu amfani da su ke raguwa.

4. Matakan katsewa (2001-2021)

Tun Yuli 1993 Microsoft yana da wani tsari na daban don ma'aikatu, Windows NT, wanda David Cutler ya jagoranci gina shi. Ƙa'idarsa ita ce babu manhajar da ke taɓa ƙarfe sai ta hannun tsari. Wannan ya sa na'ura ta daina faɗuwa don kuskuren manhaja ɗaya, amma ya saɓa da yadda aka gina wasannin DOS. Daga lokacin da wannan tsari ya shigo gidaje, za mu iya ƙidaya matakai huɗu na katsewa.

Mataki na farko shi ne Windows XP, ranar 25 ga Oktoba 2001. DOS na gaskiya ya ɓace daga ƙarƙashin Windows, aka maye gurbinsa da wani ɗaki na kwaikwayo mai suna NTVDM. Manhajojin ofis na DOS sun zauna cikinsa lafiya. Wasanni kuwa sun sha wuya, musamman wajen sauti da daidaiton lokaci. XP ya kuma fito da zaɓin da ke sa tsari ya gaya wa tsohuwar manhaja cewa shi Windows 95 ne ko 98, zaɓin da ya taimaki wasannin Windows amma bai yi wa na DOS wani amfani sosai ba.

Mataki na biyu shi ne zuwan bit 64. A 2003 kamfanin AMD ya fitar da kwanyoyi masu wannan tsari. Idan kwanya na aiki da bit 64, ba ta da yanayin kwaikwayon 8086 da NTVDM ya dogara da shi, kuma Microsoft bai sa NTVDM cikin Windows mai bit 64 ba. Daga nan manhajojin bit 16, na DOS da na Windows 3.1, suka daina tashi. Abin ya shafi har wasu wasannin bit 32 na ƙarshen shekarun 1990, waɗanda su kansu za su iya aiki amma manhajar da ke girka su ta bit 16 ce. Windows 11, wanda ya fito ranar 5 ga Oktoba 2021, ba shi da nau'in bit 32 ko kaɗan, don haka da shi wannan ƙofa ta rufe.

Mataki na uku ya shafi sauti da hoto. Windows Vista, a Janairu 2007, ya sauya tsarin sauti ya cire hanyar da wasanni ke bi su kai ga katin sauti don fitar da amo mai zagaye. A zamanin Vista da Windows 7, wasanni masu launi 256 irin su Age of Empires na 1997 da StarCraft na 1998 sukan fito da launuka a hargitse, sabili da tsarin da wasan suna jayayya a kan jadawalin launi ɗaya.

Mataki na huɗu shi ne na makullan hana kwafi. Dubban faya-fayan CD da DVD na shekarun 2000 suna ɗauke da makulli irin su SafeDisc da SecuROM, waɗanda ke shiga can cikin tsari su tabbatar faifan na asali ne. Windows 10, wanda ya fito ranar 29 ga Yuli 2015, ya ƙi karɓar SafeDisc da wasu nau'o'in SecuROM don dalilin tsaro, kuma a Satumba ta wannan shekara aka kashe SafeDisc a Vista, 7 da 8 ta hanyar sabuntawa. Sakamakon ya zo a juye: wanda ya sayi faifan halal ya kasa wasa, wanda ke da kwafin da aka fasa wa makulli yana wasansa.

Don kwatantawa, kamfanin Apple ya fi saurin yanke igiya. Ya sauya kwanya sau uku, a 1994, 2006 da 2020, kowane karo da makwaikwayi na wucin gadi. Wanda ya sa a 2006 ya cire shi a 2011, sannan a Oktoba 2019 tsarin macOS Catalina ya daina karɓar duk wata manhajar bit 32.

5. Aikin ƴan sa kai

Wurin da kamfanoni suka bari, mutane masu zaman kansu ne suka cike shi, yawancinsu ba da biya ba. Dabarunsu iri huɗu ne.

Akwai kwaikwayon na'ura gaba ɗaya. MAME, wanda Nicola Salmoria ɗan Italiya ya fara a 1997, yana kwaikwayon akwatunan wasa na gidajen shaƙatawa. DOSBox, wanda Peter Veenstra da Sjoerd van der Berg ƴan Holan suka fitar a 2002, yana gina tsohuwar PC cikin manhaja: kwanya, katin VGA, Sound Blaster da DOS kansa. Yana ba mutum damar ƙara ko rage gudun kwanyar da ake kwaikwayo, wato aikin da maɓallin Turbo ke yi a da.

Akwai sake rubuta injin wasa a bar hotuna da sautinsa yadda suke. Haka ScummVM yake, wanda Ludvig Strigeus ɗan Suwidin da Vincent Hamm ɗan Faransa suka fara a 2001 don wasannin kamfanin LucasArts.

Akwai tafinta, wato manhajar da ke karɓar umarni cikin tsohon harshe ta juya shi zuwa sabo. Da irinta ake tada wasannin Glide a katunan yau. Mafi girma a wannan fanni ita ce Wine, wadda aka fara a 1993 don tafiyar da manhajojin Windows a kan Linux, Alexandre Julliard kuma ya karɓi jagorancinta a 1994. A kanta kamfanin Valve ya gina Proton a 2018. Ta haka aka kai ga wani hali mai ban mamaki, inda wasu tsofaffin wasannin Windows suka fi saurin tashi a Linux bisa ga Windows na zamani.

Akwai kuma sakin rubutun asali. A Disamba 1997 id Software ya saki na Doom, a 1999 kuma ya sa shi ƙarƙashin lasisin GPL. Tun daga nan kowa na iya daidaita shi da sabuwar na'ura, shi ya sa Doom bai taɓa mutuwa ba. Labarin Prince of Persia ya nuna yadda sa'a ke shiga cikin wannan al'amari: rubutun asalinsa ya ɓace shekaru da dama, sai a 2012 mahaifin Mechner ya tsinci disket ɗin cikin wani kwali ya aika masa, masana suka taru da tsofaffin na'urori suka karanto su, aka saki rubutun ga jama'a a watan Afrilu.

6. Kasuwa da doka

Da aikin ƴan sa kai ya nuna, kasuwa ta dawo. A 2007 aka fara sayar da tsofaffin wasannin id Software a dandalin Steam, kunshe da DOSBox. A 2008 kamfanin CD Projekt na Polan ya kafa GOG, wanda ya ginu bisa sayar da tsofaffin wasanni da aka daidaita da sabon tsari, ba tare da makulli ba. Amma kasuwa tana ceto abin da ke da riba ne kuma aka san mai shi. Wasan No One Lives Forever na shekara ta 2000 misali ne: bayan saye da haɗewar kamfanoni, haƙƙinsa ya rikice tsakanin manyan kamfanoni uku, har wani ƙaramin kamfani da ya nemi sake fitar da shi a 2014 ya haƙura. A Yuli 2023 wani bincike na Video Game History Foundation tare da Software Preservation Network ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da suka fito a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa.

Sauran fa? A nan doka ke shigowa. A Amurka aikin da kamfani ya mallaka yana da kariya ta shekara 95, wato wasan 1990 yana ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2085, lokacin da babu mai sa ran disket za ta kai. Kalmar nan da masu tara wasanni ke amfani da ita, ta wasan da aka yasar, ba ta da matsayi a doka. Dokar DMCA ta 1998 ta haramta fasa makulli ko da don adanawa ne, sai in an ba da rangwame na musamman, wanda ake sake dubawa duk shekara 3. An ba da rangwame a 2003 don manhajojin da na'urarsu ta ɓace, an ba da wani a 2015 don wasannin da aka kashe uwar garkensu. A Oktoba 2024 kuwa aka ƙi yarda ɗakunan karatu su bari mai bincike ya buɗe tsohon wasa daga nesa. Shi kansa makwaikwayi bai haramta ba: a shekara ta 2000 wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta ba kamfanin Connectix gaskiya a kan Sony.

Faransa ta bi wata hanya. Dokar 20 ga Yuni 1992 ta faɗaɗa ajiyar wajibi ta haɗa da manhajoji, don haka babban ɗakin karatu na ƙasa da ke Paris yana karɓar wasanni kamar yadda yake karɓar littattafai. A Amurka, gidan tarihin zane na MoMA da ke New York ya karɓi wasanni 14 a 2012, ciki har da Tetris da Another World na Éric Chahi, sannan Internet Archive ya buɗe wasannin DOS kusan 2.400 a Janairu 2015 waɗanda ake yi kai tsaye ta intanet.

Sabon salon wasanni ya ƙara tsananta matsalar. Wasan da rabinsa ke zaune a uwar garken kamfani ba shi da wani abu a hannun mai saye da za a kwaikwaya. A ƙarshen Maris 2024 Ubisoft ya kashe uwar garken The Crew, wasan ya mutu ga duk wanda ya saye shi. Wannan ya haifar da takardar koke ga Tarayyar Turai wadda ta wuce sa hannu miliyon ɗaya a Yuli 2025.

7. Abin da ya shafi masanin tarihi

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da abubuwa uku.

Na farko, adana faifai bai wadatar ba. Jeff Rothenberg ya yi wannan gargaɗi tun Janairu 1995 a mujallar Scientific American, inda ya ba da shawarar a dogara ga kwaikwayo. Misalin Ingila ya gaskata shi. A 1986 BBC ta haɗa wani babban kundin bayanai a kan faifan leza don cikar littafin Domesday na 1086 shekara 900. Kafin shekara 16 na'urorin karanta faifan sun kusa ƙarewa, sai da masu bincike na jami'o'in Leeds da Michigan suka gina makwaikwayi a 2002, alhali littafin fata na 1086 yana nan ana karanta shi. Ƙwarewar da ɗakunan ajiya ke amfani da ita a yau wajen buɗe tsofaffin fayiloli, kaso mai yawa nata masu son wasanni ne suka gina ta.

Na biyu, abin da makwaikwayi ke nunawa yana bukatar tantancewa kamar kowace shaida. Hoton wasan DOS mai ɗigo 320 a faɗi da 200 a tsaye an zana shi ne don tsohon allo mai kwalba, inda ɗigon ya fi tsawo bisa faɗi. A allon yau, in ba a gyara ba, siffofi sukan fito a daɓe. Kiɗan wasa ɗaya ya bambanta tsakanin katin AdLib da Roland MT-32. Sabon bugu kuma yana iya shafe tsoho: a Janairu 2020, da Blizzard ya fitar da sabon Warcraft III, ya maye gurbin na 2002 har ga waɗanda ba su sayi sabon ba. Mai nazari dole ya faɗi wane bugu ya gani, a kan wace na'ura, kamar yadda mai nazarin rubutun hannu ke faɗin wane kwafi ya karanta.

Na uku, matsalar ba ta tsaya ga wasa ba, kuma ta nan ta iso gare mu. Rubutun ajami da ke ajiye a cibiyar IRSH ta Yamai yana bukatar ido da ilimi kawai. Rubutun Hausar boko da aka buga a kwamfuta kafin Unicode ya yaɗu kuwa, sau da yawa an yi shi ne da haruffa na musamman inda aka ɗora ƙ, ɗ, ɓ da ƴ a gurbin wasu alamomi. In aka buɗe shi a na'urar da ba ta da waɗannan haruffa, sai alamomin asali su dawo su ɓata kalmomi. Ciwo ɗaya ne da na wasan DOS: aiki da aka ɗinka a jikin na'ura ɗaya.

Kammalawa

Mun ga cewa nauyin raya tsofaffin wasanni ya sauya hannu sau uku. Daga 1981 zuwa ƙarshen shekarun 1990 masu ƙera na'ura da tsari ne suka ɗauke shi, don ciniki ya tilasta musu. Daga wajen 2001 ya koma hannun ƴan sa kai. Daga wajen 2007 kasuwa da ɗakunan ajiya suka shigo, kowanne cikin iyakar da riba ko doka ta gindaya masa. Wasannin da suka fi tsira su ne waɗanda aka saki rubutun asalinsu, ko waɗanda aka san na'urarsu ciki da waje har aka iya kwaikwayonta. Waɗanda suka fi halaka su ne masu makulli da masu dogaro da uwar garke.

Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ya karɓar na'urori da yawa da aka ƙera kafin 2017. Sassan jami'a da ɗakunan ajiya da ke sauya na'urori a irin wannan lokaci suna da abin yi kafin su zubar da tsofaffin: su kwafe abin da ke cikin disket da CD tun ana samun abin karanta su, su ajiye manhaja da haruffan da aka yi aiki da su tare da fayilolin, su kuma rubuta a takarda wace na'ura da wane tsari kowane aiki ke bukata.